Turaren Almiski Da Fure: Tsarkinsa, Da Hukuncin Fita Da Shi Da Rana



A cikin takardun da suka iso wannan fili makon jiya akwai ta wata baiwar Allah, malamar makarantar firamare, wadda ta roƙi kada a ambaci sunanta. Ta ce maigidanta ya dawo daga Umura ya yi mata tsarabar kwalbar turare na fesawa. An rubuta a jikin kwalin cewa haɗin almiski ne da furanni, ƙamshinsa mai laushi kamar na hoda, kuma wai domin shafawar rana aka yi shi. Wata huɗu ke nan tana fesa shi kowace safiya kafin ta tafi aiki, ita kuwa a wajenta ba shi da wani tashi, domin da ta fesa ba a jimawa sai ta daina jinsa. Ran nan sai wata abokiyar aikinta ta tare ta a gaban sauran malamai, ta ce mata haramun ta ke aikatawa kullum, kuma sallar Azahar da ta ke yi a makaranta da wannan tufafi ba ta yiwu ba, saboda almiski jini ne, turaren kuma akwai giya a cikinsa. Ta ce ita ba ta taɓa sanin akwai wani abu mai kama da giya a ciki ba sai ranar. Abin da ta ke tambaya shi ne: ta rama sallolin wata huɗu? Ta zubar da turaren, alhali tana tsoron ɓata wa maigida rai?

Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya. Mas'aloli uku ne aka tufke miki su kamar igiya ɗaya aka jefo miki, shi ya sa suka yi miki nauyi. Bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

Almiski da asalinsa

Kalmar almiski daga Larabci muka aro ta, watau misk, muka haɗiye ta tare da alif da lam ɗinta kamar yadda muka yi wa alkalami da albasa da alƙali. Su ma Larabawan aro suka yi daga Farisa. Ainihin almiski kuwa daga jikin wata 'yar ƙaramar dabba a ke samunsa, mai kama da barewa, wadda ke zaune a duwatsu masu sanyi na Himalaya da Tibet da ƙasar Sin har zuwa Saibiriya. Ba ta da ƙaho, sai dai namijin yana da fiƙa biyu dogaye da ke leƙowa daga bakinsa. Shi namijin ne ke da wata 'yar jaka a ƙarƙashin cikinsa kusa da cibiya, inda wani abu mai maiƙo ke taruwa, ya daskare ya koma baƙi-baƙi, tsaba-tsaba. Abin da a ke samu a jaka ɗaya kimanin giram 25 ne. Larabawa suna kiran jakar nan fa'ratul miski, watau ɓeran almiski, kuma ɗalibaina kan yi dariya duk sa'ad da muka iso kalmar a darasi, har sai na nuna musu hoton busasshiyar jakar da gashinta, sa'an nan su yarda cewa mai suna bai yi ƙarya ba. Mu a nan ƙasar abin da ya fi kusa da shi shi ne jibda, wadda a ke yakicewa daga jikin magen juda, Larabawa na ce mata zabad.

To, mutanen da ma sun ɗauka cewa jini ne ke taruwa a jakar ya rikiɗe, saboda haka tambayar abokiyar aikinki ba sabuwa ba ce, malaman fiƙihu sun yi ta tun da daɗewa, sun kuma amsa. Shehu Halilu, a farkon Muhtasar inda ya ke lissafa abubuwa masu tsarki, ya ambaci almiski, ya ambaci jakarsa ma. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 ta Hijira, ya hakaito haɗuwar malamai a kan tsarkinsa da halaccin sayar da shi. Dalilinsu na hankali shi ne abin da su ke kira istihala, watau abu ya sāke daga asalinsa ya koma wani abu dabam mai kyau, kamar yadda giya kan rikiɗe da kanta ta zama ruwan kal mai tsami, a ci da shi abinci. Dalilinsu na nassi kuwa ya fi ƙarfi. Muslimu ya ruwaito daga Abu Sa'idu Alkhudri cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya almiski a kan gaba da dukan turaruka. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin yadda ta ke ganin ƙyallin almiski a tsagin gashin kansa mai albarka. Ya umurci mace mai wankan haila ta bi gurbin jini da ɗan ƙyalle mai almiski. Ya kamanta abokin zama nagari da mai ɗauke da almiski, wanda ko bai ba ka ba, ko ba ka saya ba, ka dai shaƙi ƙamshi. A Alƙur'ani mai girma sau ɗaya aka ambaci kalmar, a Suratul Muɗaffifina aya ta 26, wajen siffanta abin shan 'yan Aljanna. Abin da aka siffanta ni'imar Aljanna da shi, Manzo kuma ya shafa a kansa, ba a kiransa najasa.

Amma fa duk wannan bayani na yi shi ne domin ilmi, gama ina mai tabbatar miki da wuya ƙwarai a ce akwai ko ɗigo na almiskin barewa a kwalbarki. Farautar dabbar nan ta yi yawa har ta kusa ƙarewa a wurare da dama, domin a da sai an kashe ta a ke yanke jakar. Yarjejeniyar kare namun daji da ƙasashe suka ƙulla a birnin Washinton a 1973 ta sa wa cinikinta takunkumi. A ƙasar Sin tun 1958 aka fara kiwonta ana kwashe almiskin ba tare da an kashe ta ba, amma mafi yawansa wajen haɗa magani ya ke tafiya, tsadarsa kuwa ba ta talaka ba ce. Abin da ke cikin turarukan kasuwa haɗi ne na masana sinadarai. Wani Bajamushe mai suna Albert Baur, a 1888, yana neman ƙera nakiya mai ƙarfi, sai ya tarar ɗaya daga cikin abubuwan da ya haɗa yana ƙamshin almiski. Daga nan ƙofa ta buɗe, aka yi ta ƙago iri-iri, har aka kai ga wanda a ke kira farin almiski, mai sanyin ƙamshi kamar na wankakken tufafi. Wannan ba jini ba ne, ba daga dabba ya fito ba, babu ma inda maganar najasa za ta shiga.

Kada kuma wani ya ɗauka Turawa ne farkon masu kwaikwayon almiski. Alkindi, masanin nan na Bagadaza na ƙarni na uku na Hijira, ya wallafa littafi a kan haɗa turare mai ɗauke da haɗe-haɗe fiye da ɗari, a ciki har da hanyoyin kwaikwayon masu tsada da masu araha. Kwaikwayo ba laifi ba ne. Laifi shi ne a sayar wa mutum da haɗi a rantse masa cewa na barewa ne, kamar yadda a ke yi wa alhazanmu a wasu shaguna, su dawo suna rarraba shi da tsinken ashana suna ganin sun samo abin da ba kowa ke da shi ba. Wannan algus ne, Annabi kuwa ya barranta daga mai algus.

Shi kuma laushin nan irin na hoda da aka rubuta a kwalin, yawanci daga farin almiskin ya ke zuwa, tare da saiwar wani fure da Larabawa ke kira sausan, wanda a ke nomawa a Italiya da Maroko, a shanya saiwar kamar shekara uku kafin ƙamshinta ya fito. Da ita a ke ƙamsasa hodar fuska a ƙasashen Turai tun da can, shi ya sa hanci ke tuna hoda in ya ji ta. Furannin kuwa ba su wuce wardi da yasmin da danginsu ba. Wardin Ɗa'ifa sananne ne, da ruwansa a ke gauraya Zamzam wajen wanke cikin Ka'aba. Sai an tara furen wardi tan uku ko fiye kafin a tatsi kilo ɗaya na mansa, saboda haka shi ma galibi haɗi ne a ke sa wa a turaren da kuɗinsa bai yi yawa ba. Duk tsirrai ne da sinadarai masu tsarki.

Maganar giya

A nan abokiyar aikinki tana da abin kamawa. Turaren fesawa kusan dukansa ana narkar da shi ne a cikin sinadarin da a ke kira alkohol, ɗan'uwan sifirit ɗin nan da a ke goge fata da shi a asibiti kafin a yi allura. Man turaren kansa kaɗan ne, a irin na rana bai cika wuce kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura alkohol ne da ɗan ruwa. Aikinsa ya ɗauki ƙamshin ya watsa, shi kuma ya bushe nan da nan. Shi ne kuma sinadarin da ke sa maye a cikin giya, ko da ya ke na turare sau da yawa a kan zuba masa abu mai ɗaci ko mai cutarwa don kada a sha.

Malamai sun saɓa a kansa, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wa mai tambaya saɓanin. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa giya najasa ce, suna kafa hujja da ayar Suratul Ma'ida ta 90 inda aka kira ta ƙazanta aka ce a nisance ta. A kan wannan ne Shehu Muhammadul Amin Asshanƙiɗi, mutumin Muritaniya da ya karantar a Madina ya rasu a 1974, ya tsananta a tafsirinsa game da turaren kolon, ya ga bai kamata Musulmi ya shafa shi ba. A ɗaya gefen kuma, Rabi'a, malamin Imamu Maliki, da Laisu ɗan Sa'adu na Masar, da Muzani almajirin Shafi'i, sun ce haramcin shan giya bai sa ta zama najasa ba. Hujjarsu ita ce, ranar da aka haramta ta sahabbai sun kwarara ta a lungunan Madina, ba a kuwa zuba najasa a hanyar da masallata ke takawa, kuma ayar ta haɗa giya da caca da gumaka, ba wanda ya ce in ka taɓa gunki sai ka wanke hannu kafin ka yi salla. Shaukani ya bi wannan ra'ayi, Rashid Rida wanda ya rasu a 1935 ya yi fatawa da tsarkin alkohol na turare, Ibnu Usaimin wanda ya rasu a 2001 shi ma bai ga najasar giya ba. Abu Hanifa kuma ya bambanta giyar inabi da sauran abubuwan da a ke tsimawa, alhali alkohol na masana'antu daga rake da masara da makamantansu a ke samo mafi yawansa.

Ni dai abin da na fi natsuwa da shi shi ne turaren nan ba najasa ba ne, domin ba a yi shi don sha ba, ba mai kiransa giya, kuma in muka najasantar da shi sai mun najasantar da magunguna da yawa da sifirit ɗin asibiti. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ƙofar fita daga saɓani a buɗe ta ke, ya koma ga turaren mai. Iyayenmu mata sun daɗe da Bint El Sudan, wanda mu ke ce wa Bintu Sudan, da wani kamfanin Landan ya fito da shi a 1920 aka kuma daɗe ana ɗura shi a Kano. Abin da ya sa ya karɓu daga Sudan har ƙasar Hausa, ban da ƙamshinsa, shi ne a cikin mai aka narkar da shi ba a cikin alkohol ba.

Game da sallolinki kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ko da a kan ra'ayi mai tsanani, a mazhabarmu ta Malikiyya gusar da najasa wajibi ne tare da tunawa da iko. Wanda ya yi salla da najasa bai san tana jikinsa ba, in ya gano kafin lokaci ya fita an so ya sāke, in lokaci ya wuce babu komai a kansa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya tuɓe takalmansa yana cikin salla sa'ad da Jibrilu ya sanar da shi akwai ƙazanta a jikinsu, ya ci gaba da sallarsa bai koma farko ba. Ke kin ce ba ki san abin da ke cikin kwalbar ba. Babu ramuwar ko salla ɗaya a kanki, kuma ba ki da dalilin zubar da tsarabar maigida.

Inda gizo ke saƙa

Saura mas'ala ta uku, kuma a nan ba zan iya faranta miki ba. Rubutun da ke jikin kwali cewa turaren na rana ne maganar 'yan kasuwa ce. A al'adar masu yinsa, turaren rana shi ne marar nauyi wanda za a shiga ofis da shi, na dare shi ne mai ƙarfi na zuwa liyafa. Shari'a ba da agogo ta auna wannan al'amari ba. Abin da ta duba shi ne, shin ƙamshin yana isa ga mazan da ba muharramai ba ko ba ya isa?

Muslimu ya ruwaito daga Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Annabi ya hana macen da za ta halarci masallaci ta taɓa turare. Ya kuma ruwaito daga Abu Huraira cewa wadda ta yi turaren wuta kada ta halarci sallar Lisha tare da jama'a. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari kalma mai nauyi ƙwarai a kan macen da ta shafa turare ta gitta mutane domin su ji ƙamshinta. Wani zai ce ai wannan na ƙarshe ya rataya ne a kan niyya, malamar nan kuwa ba don kowa ta shafa ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba zan ɗora miki wannan kalma mai nauyi ba, bai kuma kamata kowa ya ɗora miki ba. Amma hadisan masallaci ba su yi maganar niyya ba. Mai zuwa masallaci ibada ta nufa, wurin kuma shi ne mafi nisa daga mugun zato, duk da haka aka hana ta. In aka hana a hanyar masallaci, ina ga motar haya, da kasuwa, da ɗakin malamai inda maza ke zaune?

Akwai hadisin da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito wanda ya rarrabe turaren maza da na mata: na maza ƙamshinsa bayyane launinsa ɓoye, na mata launinsa bayyane ƙamshinsa ɓoye. Ɗaya daga cikin maruwaita, kamar yadda Abu Dawuda ya kawo, ya bayyana cewa malamai sun ɗauki wannan a kan lokacin fitarta ne, amma in tana tare da mijinta sai ta shafa wanda ta ga dama. To, a nan ne hujjarki ta ke: kin ce naki ɓoyayye ne, ba kya ma jinsa. Ga abin da ya kamata ki sani. Hancin ɗan Adam yana sabawa da ƙamshin da ya daɗe yana shaƙa har ya daina lura da shi, kamar yadda mai dakan daddawa ba ta jin abin da baƙo ke ji tun daga zaure. Game da almiskin haɗi kuma akwai ƙarin wani abu da masana suka tabbatar: mutane da yawa hancinsu ba ya kama wasu ire-irensa sam, alhali na kusa da su yana ji sarai, har masu haɗa turare kan gauraya iri biyu ko uku don wanda ya kuɓuce wa wannan ya kama wancan. Sa'an nan almiski shi ne mai jimawa a cikin haɗin. Furen ya kan tashi cikin sa'a ɗaya ko biyu, shi kuwa ya kama tufafi ya kwana, har ya kan tsallake wanki, don haka ne ma masu yin sabulun wanki ke zuba shi. Zafin rana da gumi kuma suna ƙara tayar da shi. Shaida mafi kusa ita ce abokiyar aikin nan taki: da ba ta ji ba, da ba ta yi magana ba.

Saboda haka mai turare ba ya zama alƙalin turarensa. Ki fesa yadda kika saba, ki bari a jima, ki sa 'yarki ko ƙanwarki wadda ba ta shafa ba ta tsaya nesa da ke kamar taku biyu. In ta ji, to, mai zama kusa da ke a mota ya fi ta ji, sai ki bar shi ya zama na cikin gida. Ki ware mayafin fita daga adakar da ki ke ajiye kayan da kika turara, gama sau da yawa mace ba ta shafa komai ba amma mayafinta ya kwana a kan kabbasa ko cikin kayan humra. In kuwa gidan biki za ki na mata zalla, a motar maigida ko muharrami, ba za ki ratsa maza ba, malamai da dama na wannan zamani sun ga babu laifi.

Kada kuma a fahimci cewa ana son mace ta fita da warin jiki. Wannan wata wauta ce da na kan ji daga bakin wasu. Wanka da sabulu, da shafa alimun ko abin da ke kashe warin hammata wanda ƙamshinsa ba ya tashi, duk suna cikin tsabtar da addini ya yi umurni da ita. Kashe wari dabam, tayar da ƙamshi dabam.

Ita kuma abokiyar aiki, in wannan jarida ta kai hannunta, ina ce mata ta faɗi gaskiya ɗaya ta haɗa da kuskure biyu, kuma ta faɗa a inda bai kamata ba. Rushe wa Musulma sallar wata huɗu ba ƙaramin abu ba ne da za a furta ba tare da an tambayi masana ba. Nasihar da aka yi a gaban jama'a kuwa tozartawa ce, da ta ja ta gefe da ta sami lada biyu.

Mu maza kuma kada mu karanta wannan muna gyaɗa kai kamar ba da mu a ke ba. An so namiji ya shafa turare, musamman ran Jumma'a, har a riwayar Muslimu an ce ko da daga na matarsa ne, saboda haka mai wannan kwalba in ya rasa nasa ya fesa nata ba laifi. Anas ɗan Maliki ba ya mayar da kyautar turare, ya ce haka Annabi ya ke. Amma sau nawa mu ke shiga sahu da warin taba da gumin kwana biyu, alhali an hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, aka ce mala'iku na cutuwa da abin da ke cutar da mutane? Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Na taɓa ganin ɗalibina mai ciwon asma ya fita daga aji yana haki saboda wani ya yi wanka da turare mai hawa kai ya zauna kusa da shi. Wanda zai shiga aji ko asibiti ko mota da rana tsaka, irin wannan turare mai sanyi da malamar ta siffanta shi ya fi dacewa da shi. Maigidanta kuma da ya kawo tsaraba ya kyauta, sai dai ya tuna an ruwaito daga Ibnu Abbas cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda ya ke son ta yi masa.

Tun da maganar rana a ke yi, ga hukuncin mai azumi a taƙaice. Shafa turare ba ya karya azumi, jin ƙamshinsa ma haka, ko da ya ke malamanmu na Malikiyya ba su so mai azumi ya riƙa shinshinarsa da gangan ba. Wanda suka tsananta a kansa shi ne hayaƙin turaren wuta, domin yana da jiki: in mutum ya shaƙe shi da gangan har ya kai maƙogwaro, ya rama wannan yini. Masu turara ɗaki da yamma kafin shan ruwa su kula.

Mai harami da Hajji ko Umura kuwa, a nan Malikiyya suna da wani rabo da ya dace da kwalbar malamar nan kamar don ita aka yi shi. Sun kasa turare biyu, suka kira ɗaya mu'annas, watau na mace, ɗaya muzakkar, watau na namiji. Abin mamaki, almiski da ambar da za'afaran da kafur su ne na mace, saboda suna kama jiki su bar gurbi. Wardi da yasmin da raihani su ne na namiji, saboda ƙamshi kawai gare su. Taɓa na farko haramun ne ga mai harami, da fansa a kansa: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida mudu bibbiyu na mudun Annabi, ko yanka akuya ko tunkiya. Shinshinar na biyu makaruhi ne babu fansa. Turaren da aka haɗa su biyun a ciki, a ganina hukuncin mai ƙarfin ya ke ɗauka, ko da almiskin na haɗi ne, tun da kama jikin da aka yi la'akari da shi yana nan. Imamu Maliki bai ma so a shafa kafin harami abin da zai saura bayansa ba, ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya ji ƙamshi a jikin Mu'awiya a wajen miƙati ya sa shi ya koma ya wanke. Shafi'i da Ahmadu da Abu Hanifa sun halatta, suna riƙo da hadisin A'isha, wanda ya faru a Hajjin ban kwana shekara ta goma. Alhajin da ya ga wani yana shafawa a miƙati kada ya yi masa faɗa, yana da magabata.

Wadda aka hana wa turare dare da rana, a gida da waje, ita ce mai takaba, wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu in tana da ciki. Laushin ƙamshi ba ya canja wannan hukunci. Sauƙi ɗaya aka yi mata a hadisin Ummu Aɗiyya: in ta yi wankan tsarki daga haila ta iya amfani da ɗan ƙanƙanen abu na ƙusɗu ko azfar don kawar da wari. Azfar jam'in zufur ne, ma'anarsa farce, kuma shi ne farcen nan da matan Barno da Shuwa ke soyawa su daka su zuba a humra, murfin bakin wani dodon-koɗi ne na teku. Sunan da mu ke kiransa da shi fassarar na Larabcin ce kai tsaye. Wannan takaba kuwa ta miji ce kaɗai. Ummu Habiba, matar Annabi, da mahaifinta Abu Sufyanu ya rasu, bayan kwana uku sai ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta ce ba don tana bukatarsa ba, sai don kada ta wuce iyakar da aka yanka wa mace a kan mamacin da ba mijinta ba.

Allah shi ne mafi sani. Takardar malamin da ya yi tambaya daga Gusau a kan zakkar kayan shago ta iso, za mu duba ta mako mai zuwa in Allah ya kai mu.